Wace kalma za mu ba "tiranos" na Girkawa?

Jama'a, ina shirya darasi kan mulkin Girkawan dā, na zo kan kalmar tiranos na cije. Na rubuta "azzalumi", sai na goge. A wurinsu tun farko, tiranos shi ne wanda ya hau mulki ba ta gado ba, ba kuma ta dokar gari ba. Ko ya yi adalci ko bai yi ba, sunansa ke nan.

Ku dubi Fisistaratus na Atina. Herodotus, marubucin tarihinsu, ya ce da hannunsa ya ji wa kansa rauni, har da alfadaransa, ya shigo kasuwa wai maƙiya ne suka tare shi. Jama'a suka tausaya, suka ba shi 'yan kulki su tsare shi, da su kuwa ya kama tudun Akrofolis, matsarar birnin, ya hau mulki, wajen shekara ta 560 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sau biyu ana korarsa yana dawowa. Daga 546 ya zauna daram har ya mutu a 527, yana ba ƙananan manoma rance, yana tura alƙalai ƙauyuka don kada talaka ya bar gonarsa saboda shari'a. Wannan ne zan kira azzalumi?

— Malam, ai "mai mulkin kama-karya" tana nan, ita ake ji a rediyo.

— Na duba ta. Kama-karya tana faɗin yadda ake mulkin, ni kuwa yadda aka hau nake nema.

— Allah gafarta Malam, "ɗan juyin mulki" fa?

— Bahaushe na jin haka zai hango soja cikin kaki da sanarwar asuba.

— To mu ce "sarkin ƙwace" mana. Basileyus nasu sarkin gado ne, wannan kuma sarkin ƙwace. Sun zauna kafaɗa da kafaɗa, ɗalibi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

— Yaya, Hifiyas ɗan Fisistaratus fa? Ai gado ya yi.

— Kayan ƙwace ya gāda, ƙanwata, gado bai wanke su ba. Malam, ka bar masa sunan.

— Na karɓa, sarkin ƙwace. "Azzalumi" kuma na ajiye wa Hifiyas ɗin daga 514, da aka kashe ɗan'uwansa Hifarkus ya shiga karkashe mutane, har mutanen birnin Siparta suka taya aka kore shi a 510.