Zanen dutsen Birnin Kudu: kakannin wa?

Malamin Firamare: Salamu alaikum jama'ar zaure. Raina a ɓace yake. Na rubuta wa ƙaramar hukumarmu takarda ina roƙon mota in kai 'yan aji shida Birnin Kudu su ga zanen Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Wai babu kuɗin mai. Amma ranar ɗaurin auren ɗan wani babba, motocin hukumar ne suka cika layi. Yaro ya gama firamare bai ga abin da kakanninmu suka bari a jikin dutse ba, kuma a jiharsa. To meye amfanin hukumar?

Alaramma: Wa alaikumus salam. Malam, kakanninmu ka ce? Kakannin wa? Ni dai kakana allo da tawada ya bari, bai bar zanen dabba a kogo ba.

Malamin Firamare: Allah gafarta Malam, ni maganar mota nake.

Alaramma: A'a, gyara kalmar tukuna. Yara kake koyarwa.

Baffa Arɗo: Ba shanu ne a jikin dutsen ba? To su wa aka sani da shanu a ƙasar nan? Kakanninmu dai, ba naku ba.

Ɗan BUK: Baffa, da girmanka, je ka duba. Shanun da aka zana akwai marasa tozo. Naku kuwa, bunaji da rahaji, kowace da tozonta.

Baffa Arɗo: Kai yaro ko akuya ka taɓa ɗaurewa? Mai zanen ne ya gaji bai ƙarasa ba.

Maman Khalifa: Baffa ka kashe ni da dariya wallahi.

Ɗan Birni: Duk ku huta. Mai son ganin kayan kakanni ya zo Gidan Makama a Kano. Gidan da Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau sarauta a 1463, yau gidan tarihi ne na ƙasa, ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, ga kayan yaƙi. Birnin Kudun ma ai Kano ce har 1991 da aka yanke muku jiha.

Na Dutse: An fara. Ɗan Birni, ku fara kare ganuwarku da mutane ke yanka suna gini a kai, sannan ku zo ku yi mana gorin jiha.

Ɗan Birni: Ganuwa ko da guntu ce ganuwa ce. Ku nuna mana taku.

Tsohon Kansila: Ku bari in faɗa muku yadda abin yake. Duwatsun nan da Gidan Makama duk suna ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta tarayya, wadda aka kafa a 1979. Ba ruwan ciyaman da su. Kuma ciyaman ɗin da kuke zagi, daga kason ƙaramar hukuma ake fitar da albashin malaman firamare, har da naka Malam. Shekara da shekaru kuɗin ta asusun haɗin gwiwa na jiha yake biyowa, shi ya sa Kotun Ƙoli ta ce a Yulin 2024 a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

Na Dutse: Ranka ya daɗe, lokacin da kake kan kujera wace mota ka bayar?

Tsohon Kansila: Ni ba sa'anka ba ne. Tambayi babanka wa ya yi kwalbatin bakin kasuwa.

Na Dutse: Wanda damina ɗaya ta tafi da shi?

Maman Khalifa: Ku dai burtsatsenmu wata nawa a lalace, kuna faɗa kan saniyar da ba ta ba da nono.

Alaramma: Har yanzu ba a janye kalmar ba. Maguzawa ne suka yi, a ce Maguzawa.

Ɗan BUK: Allah gafarta Malam, Maguzawa ai Hausawa ne. Kafin Musulunci ya shigo, kakan kakan kakanka a ina yake?

Alaramma: Namu daga gabas suka zo.

Ɗan Birni: Kowa daga gabas. To wa aka tarar a nan?

Baffa Arɗo: Shanu.

Alaramma ya fita daga zauren.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, zan rufe zaure zuwa bayan isha'i. Abin da aka tsayar: kamar yadda Yayana Kansila ya yi bayani da hujja da shekaru, ƙaramar hukuma ba ta da laifi, mai ƙorafi ya nufi Abuja. Malam kuma a riƙa tauna magana kafin a rubuta, ga shi ka sa dattijo ya fita. Ɗan BUK ka kira Alaramma ka ba shi haƙuri. Na Dutse, in ka sake ambatar kwalbati zan cire ka.