Alamar DNA da waken da wuta-wuta ba ta kamawa

Ɗan Daura: Assalamu alaikum malamai. A jigawar Daura da Mai'aduwa wuta-wuta na kassara wake irin Ɗan Ila. An ce masu samar da iri kan gane tsiron da zai jure mata tun yana ƙarami, ta alamar DNA, wato ƙwayar gadon halitta. Yaya ake yi? Kuma wakenmu ba zai canza kama ba?

Malamin Gona, Katsina: Wa alaikumus salam. Ana haɗa auren Ɗan Ila, wato barbara, da iri mai juriya, kamar IT97K-499-35, wato SAMPEA 10, wanda ya gaji juriyarsa daga irin wake B301 na Botswana. Tsiro ya yi mako biyu, sai a yanki ɗanyen ganye, a saka a leda da silika, sinadarin da ke tsotse danshi, ya bushe. A ɗakin gwaji a niƙa shi, a jiƙa cikin ruwan CTAB, sinadarin da ke fito da DNA daga ganye, a zafin digiri 65, a ware DNA, a wanke da ethanol kashi 70. Daga nan sai na'urar PCR, mai ninka guntun DNA, da alama irin SSR1, wadda ke nuna guntun DNA da ke tafiya tare da juriyar. Tsiron da layin DNA ɗinsa ya fito a faifan agaros, inda ake duba sakamako, irin na uban mai juriya, shi ake riƙewa. Tsohon ganye ba ya yi, sinadaransa na hana PCR aiki.

Hajiya Mai Iri: Malam, batun canza kama, ana sake aurar da 'ya'yan ga Ɗan Ila ne. Komawa ta farko kashi 75 na jininsa, ta biyu 87.5, ta uku kusan 94. Kowane zagaye rabin tsirran ne ke ɗauke da juriyar, to a nan alamar ke rage wahala. Kuma wannan ba sauya halitta ba ne, barbara ce aka bi da gwaji.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji: A fara gwada iyayen biyu tukuna. Idan layinsu iri ɗaya ne, alamar ba ta da amfani a wannan auren. Wake kuma yana barbarar kansa, in ba a cire mazakutar furen da wuri ba, Ɗan Ila ne zai haifi Ɗan Ila. Sai rikicewar lambobin leda, wadda ta fi komai ɓata aiki.

Abin da na fi jaddadawa, wuta-wutar wake jinsi-jinsi ce, ta Zakpota a Benin tana kama B301. Don haka ko alama ta nuna juriya, a shuka a gonar Daura da ta kamu, a tone saiwa bayan mako tara a duba ko ta maƙale.