Inshorar lafiyar tsofaffi a Zariya: wane kati ne asibitocinmu ke karɓa?

Mai tambaya, Gyallesu:
Assalamu alaikum. Masu aiki a asibiti da waɗanda suka saba kai iyaye, a taimaka da abin da kuka gani da idonku. Tsoho ko tsohuwa sun haura 65, ga hawan jini ko suga, zaune a Zariya. Wacce inshora ce ta fi aiki a nan, ta tarayya, ta jiha, ko ta kamfanoni? Kuma me ake dubawa kafin a biya?

Jami'in teburin inshora, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Malam, fara da asibiti, sannan ka nemi katin da asibitin ke karɓa. Yawancin rigimar da ke zuwa gaban teburinmu daga nan take: an biya kuɗin shekara, sai ranar da jiki ya rikice a tarar asibitin da tsoho ya saba zuwa ba ya cikin tsarin.

Ƙofofi uku ne. Akwai hukumar tarayya, NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar NHIS. Wanda ba ma'aikacin gwamnati ba yana shiga ta shirinta na GIFSHIP, shi kaɗai ko da iyali ko a ƙungiyance. Akwai ta jihar Kaduna, KADCHMA, da aka yi dokarta a 2018. Sai kamfanonin inshorar lafiya masu zaman kansu, waɗanda ake kira HMO, masu sayar da nasu tsarin kai tsaye.

A tsarin gwamnati, ranar rajista ake zaɓar asibiti ɗaya na matakin farko. Can fayil yake, can ake fara zuwa komai ƙanƙantar ciwo. In abin ya fi ƙarfinsu, su rubuta takardar turawa, a nemi lambar izini daga masu inshorar, sannan babban asibiti ya karɓa a kan inshora. Wanda ya tsallake wannan ya wuce babban asibiti da ƙafarsa, za a duba shi, amma daga aljihunsa. Saboda haka tambaya biyu za ka yi wa duk asibitin da kake so: kuna karɓar wannan katin a yanzu? In kun tura majinyaci, ina kuke turawa, kuma wa ke nemo lambar, ku ko 'yan uwansa?

Ma'aikaciyar jinya, Tudun Wada:
Na ƙara a kan maganar Malam. Zariya a warwatse take, tsoho kuma ba sau ɗaya yake zuwa asibiti ba, mai hawan jini da suga kusan duk wata ne. Wanda ke cikin Birni ko Ƙofar Doka, asibitin Gambo Sawaba na Ƙofan Gayan ne kusa da shi. Na Sabon Gari da Muciya suna da asibitin tunawa da Manjo Ibrahim Abdullahi, wanda har yanzu mutane ke kira Limi. Wusasa da Ɗanmagaji akwai St. Luke. Na Samaru, Palladan da Zango su ne asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Shika ya yi wa kusa. Ga kuma asibitocin kuɗi birjik a Tudun Wada da Sabon Gari da GRA.

Ku lissafa tafiyar yadda tsohuwa za ta yi ta. Daga Birni zuwa Shika sai an bi ta Kwangila a wuce Samaru, in babu mota a gida hawa biyu ne ko uku, ga gwiwa. An ce ta zo awon suga ba ta karya ba, ta fito tun asuba, ta yi layi har hantsi ya dubi ludayi. Mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin da ya sha maganinsa da safe bai ci komai ba, a kan benci suga ke faɗuwa, ka ga gumi, hannu na rawa, magana ta fara karkacewa. Mun sha gani. Ranar awo a riƙe maganin da abin karyawa a jaka, sai an ɗebi jini a ci, a sha.

Abin da ke biyo bayan nisa shi ne fashin zuwa. Wata na farko a je, na biyu a je, na uku a ce a sayo a kemis da tsohuwar takarda. Kati na aljihu, ba a amfani da shi.

Tsohon ma'aikacin jami'a, Samaru:
Ni ra'ayina ya ɗan bambanta. Tsoho mai ciwo biyu ko uku a haɗe, zuciya da ƙoda da suga, in tsarin ya ba da dama a sa shi asibitin koyarwa na ABU tun farko. Ƙwararrun suna wuri ɗaya, fayil ɗaya ne, likitan zuciya yana ganin abin da likitan ƙoda ya rubuta. Turawa daga sashe zuwa sashe a cikin gida ya fi yawo da takarda daga wannan unguwa zuwa waccan.

Sai gargaɗi ga ma'aikata. Inshorar ma'aikacin tarayya tana ɗaukar shi da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu da ba su kai 18 ba. Iyaye ba sa ciki, sai an ƙara su an biya daban. Kuma tana tafiya ne da albashi, in an yi ritaya sunan na fita daga jerin. Ma'aikacin gwamnati a 60 ko shekara 35 na aiki, farfesa a 70, duk ɗaya ne. Mutum ya saba shekara da shekaru yana miƙa kati a ba shi magani, sai wata rana a ce sunansa bai zo ba. A fara shirin sabuwar rajista watanni kafin ranar ajiye aiki, domin sabon kati ba ya fara aiki ranar da aka biya, akwai lokacin jira.

Ma'aikaciyar jinya, Tudun Wada:
Baba, ga mai ciwo uku na yarda da kai. Amma mafi yawan tsofaffinmu awon jini, awon suga da sabunta magani kawai suke buƙata, sau ɗaya ko biyu a shekara su ga babban likita. Shika kuwa ba Zazzagawa kaɗai take yi wa aiki ba, daga Funtuwa da Giwa da jihohin maƙwabta ake zuwa. Ga irin waɗannan, ƙaramin asibiti na kusa mai tura mutum ba tare da ja-in-ja ba ya fi.

Mai haɗa magani, PZ:
Wurin magani ne ake gane inshorar gaskiya. Ku tattara duk abin da tsoho ke sha a leda, ku rubuta sunan asali da ƙarfinsa: amlodipine 10, lisinopril 10, metformin 500 sau biyu, tamsulosin in akwai matsalar fitsari, maganin ɗigawa a ido. Ku kai wa famasin asibitin da kuke shirin zaɓa, ku ce wanne ke cikin jerin inshora, wanne ke kan kanta yau. Amsar tambaya ta biyu ta fi muhimmanci.

A tsarin NHIA majinyaci na biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, kuma magungunan jerin na sunan asali ne. Tsohon da ya saba da wani kwali mai launi kaza, aka ba shi fari, sai ya ce wannan ba nasa ba ne ya ƙi sha, ko ya haɗa biyun ya sha ninki. Wannan na biyun ya fi haɗari. A zaunar da shi a nuna masa sunan da ke ƙasan kwalin iri ɗaya ne.

Me ke kawo "babu, je ka saya a waje"? Asibitin matakin farko ana biyansa ƙayyadadden kuɗi ne a kan kowane mai rajista duk wata, ya zo ko bai zo ba. A tsarin NHIA, shekaru da dama naira 750 ne, a 2025 ya kai 1,450. Saurayin da ba ya zuwa riba ne, tsoho mai magani huɗu kullum ya cinye kason mutum goma. Asibitin da ke da masu rajista da yawa yana iya ɗaukar wannan, mai 'yan ƙalilan kuwa sai ka ga yana ba da na sati biyu maimakon na wata, ko a rubuta a ce a saya. Don haka ku tambaya: na kwana nawa kuke bayarwa a zuwa ɗaya? In kun ce babu na saya a waje, ana mayar da kuɗi, kuma wace takarda ake buƙata? Duk rasit a ajiye, da hatimi.

Masu insulin, a yi tambaya daban a kan allurar, sirinji da tsinken awon suga. Tsinken yawanci a aljihunku yake.

Wakilin kamfanin inshora, Kongo:
Bari in faɗi na ɓangarenmu ba tare da talla ba. Tsarin kamfani na gama-gari yakan tsaya a shekara 60 ko 65. Na tsofaffi daban ake sayar da shi, ya fi tsada, kuma abu huɗu ake karantawa a takardar kafin sa hannu: iyakar shekarun shiga, ko ana ɗaukar ciwon da mutum ya shigo da shi, iyakar kuɗin da za a kashe masa a shekara, da tsawon jira kafin a yarda da tiyata. Iyakar ma kashi-kashi ce, magani nawa, kwanciya nawa, tiyata nawa. Babban adadin da ke saman takarda ba shi ne za a kashe a kan ciwo ɗaya ba.

'Ya'yan da ke Abuja ko Legas ko ƙasar waje su ne suka fi faɗawa wannan: su sayi tsari mai kyau ta intanet, jerin asibitoci ɗaruruwa, amma in ka tace zuwa Zariya sai ka ga 'yan ƙalilan, wasu ma a garin Kaduna suke, tafiyar kilomita kusan 80. Jerin kuma yakan tsufa. Asibiti na iya dakatar da karɓar katin kamfani saboda bashin da bai biya ba, sunansa na nan a jerin. A tura mutum da ƙafarsa ya tambayi mai karɓar kuɗi ko na teburin inshora, su suka san wanda ke biya a kan lokaci. Kuma kada a ɓoye ciwo a fom. Ranar da aka nemi izinin babban aiki, fayil zai tona.

Likitan gashin ƙashi, Hanwa:
Abubuwan da ke karya iyali a kan tsoho su ake mantawa a tambaya. Shanyewar ɓarin jiki na buƙatar gashi na watanni, inshora kuwa zama ƙidayayye take biya. Yanar ido: a tambaya ko aikin har da gilashin da ake sawa a ciki, kuma in an tura Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna katin zai bi shi can. A jagororin da tsarin tarayya ya daɗe yana aiki da su, kwanciya a ɗakin gama-gari kwana 21 ne a shekara, hoton CT da MRI rabi ake biya, wankin ƙoda kuwa 'yan zama kaɗan ne ga ƙodar da ta tsaya farat ɗaya, ban da mai wanki duk sati. Ciwon daji ma haka, Shika na da sashen kula da shi, amma kati ba ya ɗauke duka. A ajiye wani abu a gefe ko da akwai inshora, 'yan uwa su yi karo-karo tun ana lafiya.

Masu katin jiha, tambayarku ɗaya ce mai nauyi: in babban asibitin jiha ya tura mu asibitin koyarwa na tarayya, wa zai biya? A ba ku amsar a ofishin hukumar kafin rajista.

Jami'ar lafiya a matakin farko, Birni:
Kada a manta da wanda ba shi da ko sisi. Akwai asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta tanada, ana yi wa marasa ƙarfi rajista kyauta ta hannun hukumar jiha, tsofaffi na cikin waɗanda ake nufi. A cibiyar lafiya ta mazaɓa ake yi, gurbi ƙidayayye ne. A je wurin mai kula da cibiyar ko kwamitin ci gaban mazaɓa a tambayi lokacin da ake ɗaukar sunaye. Ba a biyan kowa kuɗin fom.

Jami'in teburin inshora, Sabon Gari:
Malam na Gyallesu, sauran na takardu ne. Sunan da ke kan NIN, na katin inshora da na fayil ɗin asibiti su zama iri ɗaya harafi da harafi. Tsofaffinmu sunan yanka daban, na unguwa daban, Hajiya Yalwa a gida, Hauwa'u a NIN, Kulu a tsohon katin asibiti. Kwamfuta ba ta san cewa mutum ɗaya ne ba, sai ta ƙi. Lambar wayar da za a sa kuma ta wanda ke raka su ce, ba ta ɗan da ke Abuja ba, don can saƙo ke zuwa.

Kan lambar izini, tun Afrilun 2025 NHIA ta umarci kamfanonin HMO su bayar cikin awa ɗaya da nema. In na gaggawa ne ba a jiran lamba, a fara aiki, a nemo ta cikin awa 48. Idan an ce ku zauna, ku tambayi ƙarfe nawa aka tura buƙatar, ku rubuta, ku kira lambar da ke bayan katin da kanku. Turawar da ba ta gaggawa ba a nemi takardarta tsakanin Litinin da Alhamis, wadda aka rubuta Juma'a da yamma sau da yawa sai Litinin ta motsa. In asibitin farko bai yi muku ba ana canzawa, a tsarin tarayya bayan wata shida. Ranar ƙarewar kati kuma a rubuta ta a jikin kalanda, a sabunta saura wata guda, domin in ta wuce wasu tsare-tsaren sabon jira suke sawa kamar yau aka shiga.