Neman kalma: yaya za mu kira jitar “baritone” da Hausa?

Mai Shirin Asabar:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Taimako nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Shirina na kiɗa zai fita Asabar da yamma, rubutun gabatarwa kuwa sai na miƙa shi kafin la'asar ɗin Alhamis. Baƙon wannan makon mai gyaran kayan kiɗa ne. Ya kwance wuyan wata jitar lantarki ya ɗaura mata wanda ya fi shi tsawo, sai muryarta ta sauka ta yi kauri. Turawa suna ce wa irin wannan jita “baritone”. Na je shagonsa na saurara, da ya taɓa tsirkiyar nan mai kauri har a ƙirjina na ji ta. Da yawa cikin masu sauraron shirin ba su yi boko ba, ba na so in jefa musu kalmar da ba za ta nuna musu komai ba. Me zan ce? Ina kuma neman sunan ƙarafan nan da aka gicciya a jikin wuyan. Na sa baƙon nawa a zauren don ya yi bayani da bakinsa.

Ɗalibar Harshe:
Wa alaikumus salam Anti. Jita mai kaurin murya. Tushen kalmar Girkanci ne, ma'anarta “mai nauyin sauti”, kuma a waƙar Turai sunan muryar namiji ce wadda ba ta tashi can sama ba, ba ta kuma kai ƙarshen ƙasa ba. Mu ai kauri muke cewa a murya, ba nauyi ba.

Ɗan Damagaram:
Doguwar gita. Kalma biyu, an gama. Abin da ido ke gani ke nan.

Mai Gyaran Jita:
Salamu alaikum manya. Bari in faɗi abin da na yi, sai ku masu ilimi ku raɗa masa suna. Jitar ƙirar kamfanin Fender ce, wuyanta ba manna shi aka yi ba, kusoshi huɗu na murɗawa ne ke riƙe shi ta baya a kan wani ɗan farantin ƙarfe. Shi ya sa aikin ya yiwu. Da irin Les Paul ce ta kamfanin Gibson, wadda aka manne wuyanta da gam, da ban taɓa ta ba.

Tsawon tsirkiya daga inda ta tashi a kan wuya zuwa inda ta zauna a ciki, a Fender inci 25.5 ne. Sabon wuyan ya kai shi inci 28 da biyar bisa takwas, irin awon da kamfanin Warmoth na Amurka ke yi. Ba da ka aka zaɓi wannan awo ba. Tamkar an ƙara biyu ne a kan ƙarafan nan na gicciye ta wajen kai, saboda haka ƙarfe na 12 yana nan a tsakiyar tsirkiya daidai, ba sai na tayar da mazaunin tsirkiya na huda sabon wuri ba. In ka ɗauko kowane dogon wuya ka ɗaura, da ka hau sama za ka ji sauti ya kauce, ko yaro zai gane.

Jita ta yau da kullum, tsirkiyarta mafi kauri daga sautin da Turawa ke kira E take farawa. Wannan na saita ta daga B, mataki biyar ke nan ƙasa. Wuya ya ba da biyu, saura kaurin tsirkiya ne ya cike: na cire masu lamba 10 zuwa 46 na sa masu kauri, 13 zuwa 62. Sai da na zauna da ɗan magagari na faɗaɗa ramukan da tsirkiyoyin ke bi a kai, ɗaya bayan ɗaya, ina gogawa ina hure garin ina gwadawa, don mai kaurin ta ƙi zama a raminta. Na kuma ɗan ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuyan don kada ya lanƙwashe. Mu dai a wurin aiki baritan muke cewa.

Ɗalibar Harshe:
Ka ji ko, Yaya na Damagaram? Tsawon da aka ƙara bai wuce santimita 8 ba. Mai sauraron rediyo ba zai gan shi ba, kaurin zai ji. Kuma in tsawo ne, bes, wato jitar nan mai tsirkiya huɗu, ta fi ta, nata inci 34 ne. Sai a ce wace ce doguwar?

Tsohon Malami:
Yara, kun fara gini a kan rairayi. Kuna ta gardama a kan sifa, alhali sunan kansa aro ne. Mene ne “jita”? Wace Hausa ce wannan? Shekara talatin na yi ina koyar da harshen nan, abin da ke ci mini rai ke nan kullum. Muna da garaya, muna da molo, muna da gurmi, muna da kuntigi. Babbar garaya kuma tana da sunanta tun kaka da kakanni, komo. Ƙaramin abu da babbansa ba baƙo ba ne a kiɗanmu, ga goge ga kukuma. To jitar lantarki garayar lantarki ce, wannan mai kaurin kuwa KOMON LANTARKI. Da magabata suka ga abin da ke tashi a sama ba su ari sunan Bature ba, jirgin ruwan da suka sani suka ɗauko suka ce jirgin sama. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. 'Yata, rubuta komon lantarki.

Ɗan Damagaram:
Baba Malam, Allah ya ƙara girma. Amma magabatan nan su ne suka ce mota, suka ce rediyo. Kuma tunda an zo nan, ku mutanen Kano ku daina sa mana “jita”. Gita ce. Mu da ke kusa da Agadas, inda samari suka mai da ita abin kiɗan biki, mun fi ku jin ta.

Ɗalibar Harshe:
Ba Kano kaɗai ke cewa jita ba. Kuma kalma in ta shigo ta ɗauki jinsi ta karɓi ɗafi, ta zama 'yar gida: jitar Audu, jitarsa, wannan jita ce. Ba wanda ya koya wa kowa cewa mace ce.

Ɗan Damagaram:
Kullum haka kuke yi. Abin da aka faɗa a Kano shi ne Hausa, namu kuwa “karin harshe”.

Tsohon Malami:
Ku bar wannan. Da jita da gita duk baƙi ne. Komon lantarki na ce. In ba mu saka kalma a bakin mutane ta rediyo ba, ta ina za ta shiga? Haka aka yi da yanar gizo, ga ta nan ta zauna.

Mai Gyaran Jita:
Ranka ya daɗe, na'ura mai ƙwaƙwalwa ma an saka ta a rediyo, amma har yau wanda ya je kasuwa kwamfuta yake tambaya. In na ce wa mai sayen tsirkiya “ta komon lantarki kake so?” zai tsaya yana kallona ne.

Jikan Mai Garaya:
Tun ɗazu nake karantawa, sai yanzu zan sa baki. Baba Malam, na ji daɗi da ka tuna da komo, mutane da yawa ba su ma san sunan ba. Amma ka yi haƙuri, ban yarda a ba da shi ba. Kakana da garaya ya ci da mu. Tsirkiyarta biyu ce, wuyanta sanda ce mulmulalliya ba ƙarfe ko ɗaya a gicciye, cikinta fata aka shimfiɗa. Ina yaro nakan ga yana kai ta kusa da wuta da sanyin safiya don fatar ta ɗame. Kiɗan mafarauta ne, yana da taken da in an kaɗa shi namiji ba ya iya zama. In aka ɗauki sunan aka ba wa abin Amurka mai tsirkiya shida, nan da shekara ashirin yaro zai ji komo ya zaci jita ake nufi, namu kuma ya ɓace gaba ɗaya.

Wani abin kuma da ke damuna, sai an rasa kalma ake tuna makaɗa. A zaure a kira mu maroƙa, a hana mu aure, amma ranar neman suna a zo a kwashi namu ba sallama. In dai namu ake so a yi amfani da shi, ga wanda ya dace: abin da tsirkiya ke hawa a ciki, wanda maigyara ya kira mazauni, jaki muke ce masa, domin shi ke ɗauke da kaya. Wannan kam aikinsu ɗaya a garaya da jita.

Mai Gyaran Jita:
Wallahi jaki ya yi. Daga yau shi zan riƙa faɗa.

Tsohon Malami:
Ɗana, ban raina makaɗa ba, kuma ban taɓa rainawa ba. Tsoron da nake ji shi ne naka, ta wata ƙofa. Kai kana gudun a ba da sunan ya ɓace, ni ina gudun a ajiye shi ba a faɗa har ya mutu. Yara nawa ne a cikin birni yau suka taɓa ganin komo da idonsu?

Mai Shirin Asabar:
Don Allah a yi haƙuri, daren Laraba ne yanzu. Har yanzu ba a ba ni sunan ƙarafan ba.

Ɗalibar Harshe:
Matakai? Tunda hawa ake yi ana sauka.

Ɗan Damagaram:
Gaɓa. Dubi wuyan ki dubi rake ko karan dawa. Gaɓa ta ɗaya, gaɓa ta goma sha biyu, jam'i gaɓoɓi. Kuma wannan ba ta Kano ba ce ba ta Damagaram ba, ta kowa ce.

Mai Gyaran Jita:
Gaɓa ta fi. A bar mataki wa sauti, don ina buƙatarsa in ce ta sauka mataki biyar. In aka haɗa su a kalma ɗaya bayanin zai cakuɗe.

Mai Shirin Asabar:
Madalla. Ga abin da na rubuta, ku duba: “Baƙonmu ya canja wa jitar lantarki wuya, ya ƙara mata gaɓa biyu ba tare da ya taɓa jakinta ba, ta koma jita mai kaurin murya, wadda masu sana'ar ke kira baritan. Tsakaninta da jitar da kuka sani kamar tsakanin komo da garaya ne.” Bayan haka zan ci gaba da cewa mai kaurin murya, in baƙo ya ce baritan ba zan gyara masa ba. Zan kuma ambaci cewa ba sabon abu ba ne a Amurka, kamfanin Danelectro ya fara fitar da irinta tun a shekarun 1950.

Jikan Mai Garaya:
In kwatance ne kawai, na yarda. Amma Hajiya ki faɗa musu tsirkiyar komo biyu ce.

Ɗan Damagaram:
“Mai kaurin murya” ta yi tsawo a baki, za ku gani, baritan ce za ta zauna. Kuma ni gita zan ci gaba da cewa.

Tsohon Malami:
Ban gamsu ba, 'yata, kwatance ba suna ba ne. Amma tunda komo zai fita a iska, ki furta shi da kyau, kada ki haɗiye shi a tsakiyar jimla. Gaɓa da jaki ba ni da ta cewa a kansu. Ƙarfe nawa ne shirin?

Mai Shirin Asabar:
Ƙarfe biyar, Baba. Na gode muku duka, na tura rubutun.