Manyan 'yan tanis da faɗuwar bazata a jar ƙasa: me kuka gani da idonku?

Baban Hanif

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bin tanis. Akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya duk shekara daga Afrilu zuwa farkon Yuni, wato lokacin da maza ke komawa filayen jar ƙasa. Ɗan wasa zai ɗaga kofi ranar Lahadi, mako ya zagayo a fitar da shi a wasan farko, kuma wanda ya fitar da shi sai ka nemi sunansa a intanet kafin ka san ko ɗan wace ƙasa ne. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Medvedev a 2023. Na kalle shi ya doke Rune ya ci kofin Roma, kofinsa na farko a jar ƙasa, mutumin da ya sha faɗa da bakinsa cewa ba ya ƙaunar filin. Ba a yi kwana goma ba na zauna kallonsa a zagayen farko na Roland Garros, babbar gasar jar ƙasa da ake yi a Paris, yana na 2 a duniya, da Thiago Seyboth Wild ɗan Barazil, na 172, wanda ya shigo ta wasannin share fage. Iska na kaɗawa, ƙura na tashi tana shiga ido da baki, Medvedev ya tsaya can baya kusa da allon talla yana mayar da ƙwallo, yaron nan kuwa yana ta sheƙa masa ita da hannun dama ba tsoro. Zubi biyar aka yi, wato manyan kashi biyar na wasan, aka fitar da Medvedev. Ina so kowa ya kawo abin da ya gani da kansa, ko a talabijin ko a fili, da abin da yake ganin shi ne sila.

Mai Raket

Wa alaikumussalam Baban Hanif. Ni ba ƙwararre ba ne, amma ina buga wasa a jar ƙasa, kuma wanda bai taɓa taka ta ba ba zai gane yadda take sauya hali ba. Abin da ake kira jar ƙasar nan garin jan bulo ne da aka niƙa, aka barbaɗa shi siriri a kan dandaɓe mai tauri. Da safe, bayan an yayyafa ruwa an ja raga a kai an share layuka, ƙwallo na da nauyi, tana shan danshi, gashinta ya kumbura, duk ƙarfin da ka sa sai ta iso wa abokin wasanka a hankali. Bari rana ta take. Filin ya bushe, saman ya zama gari, ƙwallon da aka murza ta faɗi ta yi tsalle har kafaɗa. Fili ɗaya ne, rana ɗaya ce, amma wasa biyu ne daban.

Sai kuma ƙafa. A fili mai tauri gudu kake ka tsaya ka buga. A nan dole ka zame ka isa wurin ƙwallo, zamewar ta ƙare daidai lokacin da raket zai taɓa ta. Idan ka fara zamewa da wuri ba ka kai ba, idan ka makara ka wuce ta. Ranar da ƙafarka ba ta daidaita ba, hannunka ma ba zai daidaita ba. Ga ramukan da takalmi ke bari bayan an daɗe ana wasa, ƙwallo ta faɗa ɗaya ta kauce, ko ta taɓa layi ta sulale ƙasa. Manyan nan suna fitowa ne daga watanni na fili mai tauri, Ostareliya da Indian Wells da Miami, sai Monte Carlo ta tarbe su da wanda ya yi wata biyu yana buga ƙananan gasa a jar ƙasa. Shi ya sa ban yi mamaki ba da Dan Evans ya doke Djokovic a can a 2021, ko da Davidovich Fokina ya maimaita masa a 2022.

Kawu Tanis

'Ya'yana, ku bar ni in ce wani abu a matsayina na wanda ya girme ku a kallon nan. Ba jar ƙasa ce ta lalace ba. Nadal ne ya ɓata muku ido. Kun tashi kun tarar da mutum ɗaya yana cin Roland Garros har sau 14, ya buga wasa 116 a can ya faɗi 4 kacal, ya taɓa jera nasara 81 a jar ƙasa daga 2005 har Federer ya tsayar da shi a Hamburg a 2007. Sai kuka ɗauka haka filin yake, babba ya shigo ya ci ya tafi.

Kafin shi ba haka muka sani ba. Na kalli Kuerten a 1997, siririn yaro mai riga shuɗiya da rawaya, na 66 a duniya, ya bi ta kan Muster da Kafelnikov da Bruguera, dukkansu sun taɓa cin kofin, ya ɗauka. Na kalli wasan ƙarshe na 2004, Coria ya ci Gaudio zubin farko 6-0, na biyu 6-3, kowa ya gama yanke hukunci. Sai jijiyoyin ƙafar Coria suka ɗaure, ya koma yana tafiya da ƙyar, duk da haka sau biyu yana kaiwa makin da zai ba shi kofi bai samu ba, Gaudio na 44 a duniya ya ɗaga. Daga 2001 zuwa 2005 mutum biyar ne daban suka ci gasar. Sampras da duk girmansa bai taɓa wuce wasan kusa da na ƙarshe ba a Paris.

Shi kansa Nadal ɗin, ranar 31 ga Mayun 2009 ina zaune ina kallo Söderling ɗan Suwidin ya fitar da shi a zagaye na huɗu. Makonni kaɗan kafin nan a Roma, Nadal ya yi masa 6-1, 6-0. Abin da na gani ranar shi ne ƙwallon Nadal ba ta yin tsawo, tana faɗuwa tsakiyar fili, tsallen da take yi kuma ya zo daidai ƙirjin dogon mutum mai faɗin hannu. Söderling ya yi ta dannata ƙasa kamar mai sara da gatari. Daga baya Nadal bai je Wimbledon ba saboda gwiwa. Yanzu da ya ajiye raket, abin da kuke gani shi ne asalin halin filin ya dawo.

Maman Ilham

Kawu, Allah ya ƙara girma, na yarda da kai, amma ina da ƙari. Muna cewa jar ƙasa kamar abu ɗaya ne, alhali Madrid daban, Roma daban. Ina zaune a Sifaniya lokacin gasar Madrid ta 2023, kuma na fi son zuwa ranakun share fage domin kana zama dab da fili, kana jin numfashin 'yan wasa da ƙarar takalmi. Madrid na kan tudu, sama da mita 600 daga teku, iska ba ta da kauri, ƙwallo na tafiya da sauri fiye da yadda ido ya saba. Da idona na ga ana buga ƙwallon da a wani wuri za ta faɗi ciki, a nan ta wuce layi da taƙi guda, mai bugun ya tsaya yana duban igiyoyin raket ɗinsa.

A ranakun nan Karatsev ya doke Struff ɗan Jamus, aka ce ya fita. Sai wani ya janye, aka kira Struff ya cike gurbi. Mutumin nan mai shekara 33 ya yi ta sabis yana rugawa raga, ya doke Tsitsipas, ya sake haɗuwa da Karatsev ɗin a wasan kusa da na ƙarshe ya rama, ya je wasan ƙarshe har ya karɓi zubi ɗaya a hannun Alcaraz. Salon da ya kai shi nan salon fili mai sauri ne. Shi ya sa ni dai ba na auna Paris da sakamakon Madrid. Ko Nadal sau 5 ya ci Madrid, ɗaya ma tun tana fili mai tauri, alhali Roma sau 10, Monte Carlo sau 11.

Ɗan Raga

Ku yi haƙuri, ni ina ganin an cika ɗora wa fili laifi. Jiki ne. Alcaraz ya ci Barcelona, ya ci Madrid ɗin da Maman Ilham ta ambata, ya isa Roma sai Marozsan ɗan Hangari, na 135, ya cire shi 6-3, 7-6. Na kalli wasan, Marozsan ya yi ƙoƙari ƙwarai, amma ƙafar Alcaraz ba ta da zafin da na saba gani. Tun 2023 an tsawaita Madrid da Roma zuwa kusan mako biyu kowacce, wanda ya kai ƙarshe ba shi da hutun kirki. Djokovic kuma a Roma 2024, gorar ruwa ta faɗo masa a ka yana sa wa 'yan kallo hannu, bayan kwana biyu Tabilo ya yi masa 6-2, 6-3. Ruud ya ci Madrid a 2025, a Paris Borges ya fitar da shi a zagaye na biyu yana fama da gwiwa. Mu sakamako kawai muke gani.

Mai Raket

Ɗan'uwa, to Tabilon nan ai ya sake doke Djokovic a Monte Carlo a 2025, ba gora ba komai. Akwai wanda salonsa kawai bai yi maka ba, bahago ne mai sauke ƙwallo gindin raga. Amma maganar gajiya gaskiya ce, kuma filin ne ke jawo ta, tunda maki ɗaya sai a yi bugu ashirin.

Koci Abban Yara

Ni yara nake koya wa tanis, kuma abin da na lura da shi a kansu shi nake gani a manya. Jar ƙasa na ƙwace wa mai ƙarfi makin banza. A ciyawa ko fili mai tauri, ranar da hannunka ya ƙi, sabis zai rufa maka asiri, ka buga biyu uku da ba a taɓa ba ka tsira. A nan sabis ɗin zai dawo. Bugun da ka saba kashe maki da shi zai dawo, ka sake, ya sake dawowa. Ina da yaro mai ƙarfin hannu da ya fi duk sa'o'insa, amma da zarar ƙwallo ta dawo masa sau huɗu sai fuskarsa ta canja, ya fara neman layi da ƙarfin tsiya, ya zubar da gem uku, wato ƙananan kashin da ke haɗuwa su zama zubi, a jere kafin ya farga. Ba dabara ce ta gaza ba, haƙuri ne ya ƙare.

Ku dubi Rublev a 2024. Ya faɗi wasa huɗu a jere, ya shiga Madrid ba shi da lafiya, ya doke Alcaraz, ya ci kofin. Wata guda bayan nan a Paris na gan shi gaban Arnaldi a zagaye na uku yana dukan gwiwarsa da raket, yana harbin benci, aka cire shi ba tare da ya ci zubi ko ɗaya ba. Wallahi abin ya taɓa ni, domin na san irin wannan ƙuncin a fuskar yaro. Fognini kuma a Monte Carlo 2019, a wasan farko Rublev ɗin nan ya ci shi zubi ɗaya yana gaba 4-1 a na biyu, saura ƙiris ya tattara kaya. Ya farfaɗo, ya je ya doke Nadal 6-4, 6-2, ya ci kofi mafi girma a rayuwarsa yana da shekara 31. Hannunsa bai canja ba cikin kwanakin nan, zuciyarsa ce ta zauna.

Kawu Tanis

Koci ya faɗi gaskiya. Abu ɗaya zan ƙara, ku riƙa bambanta wasan zubi uku da na zubi biyar. A Roma ko Madrid ƙaramin ɗan wasa na buƙatar awa ɗaya da rabi na zafi ya gama da babba. A Paris sai ya riƙe zafin nan awa uku ko huɗu. Musetti ya ci Djokovic zubi biyu a 2021, Tsitsipas ma haka a wasan ƙarshe na shekarar, duka biyun Djokovic ya dawo. Shi ya sa wanda ya yi ta a Paris nake cire masa hula, irin Cecchinato a 2018, na 72, bai taɓa cin wasa ko ɗaya a manyan gasa huɗu ba kafin nan, ya doke Djokovic da 13-11 a bugun raba gardama na zubi na huɗu.

Auta

Kawu da yayyena, ni sabon shiga ne, a 2020 na fara kallo, shekarar da annoba ta sa aka ɗage Roland Garros zuwa ƙarshen Satumba. Abin da na fara gani shi ne 'yan wasa da dogon hannu da dogon wando, ana yayyafi, 'yan kallo ƙalilan sun dunƙule cikin riguna, ga sabuwar ƙwallon Wilson da aka kawo a madadin Babolat, kowa na cewa ta yi nauyi. A cikin sanyin nan wani ɗan Faransa gajere bahago, Hugo Gaston, na 239 a duniya, ya fitar da Wawrinka, har da 6-0 a zubi na biyar. Sannan ya haɗu da Thiem wanda bai daɗe da cin gasar Amurka ba. Gaston ya yi ta ɗiga masa ƙwallo a bayan raga, ta faɗi a jiƙaƙƙen fili ta ƙi tashi, Thiem ya rugo daga can baya ya zame ya tarar ta mutu. Sama da sau hamsin ya yi masa haka. Thiem ya tsira da ƙyar a zubi na biyar, amma ƙafafunsa sun riga sun tafi, Schwartzman ya ƙarasa shi a wasan gaba bayan awa biyar. Tun daga lokacin, kafin in duba wa zai kara da wa, sai na fara duba ko za a yi rana a Paris ko hadari, da kuma ƙarfe nawa aka sa wasan.