«Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba»: har da mai juna biyu?

'Yar Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Wata karin magana ce ta tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, na ce bari in kawo ta gaban manya.

Ina da juna biyu, wata na bakwai ke nan. Bara na yi ɓari a wata na uku. Ban da maigidana da Mma babu wanda ya sani, kwana biyu na koma shagon ɗinki kamar ba abin da ya faru. Wannan karon tun da cikin ya fara motsi barcina ya ragu. In ya motsa in ji daɗi har da hawaye, in ya yi shiru sai gabana ya yi ta faɗuwa. Ranar Lahadi gwaggona ta zo daga Tafo, tana tsince mini waken waakye, wato shinkafa da wake, na ce mata, Gwaggo, ni fa tsoro nake ji. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, «Ke, ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.» Na ja bakina na yi shiru.

A satin ne kuma ƙanwata da ke karatu a jami'ar KNUST ta Kumasi ta kunna mini kundin waƙoƙin wata mawaƙiyar Amurka, Halsey, mai suna If I Can't Have Love, I Want Power, wato in ban samu ƙauna ba, to a ba ni iko. Waƙa 13 ne, duk a kan magana guda, ita da bakinta ta ce a kan daɗi da firgicin ciki da haihuwa ta yi shi. Tana ɗauke da cikin ta yi aikin, ta sauka a watan Yuli na 2021, kundin ya fito 27 ga Agusta. Akwai waƙar da ta sa wa suna 1121, ranar 21 ga Nuwamba ke nan, ranar da ta gane tana da ciki. Ita ma ta taɓa ɓari, har ta ba da labari a 2016 cewa ana cikin ɓarin ta hau dandali ta yi wa jama'a waƙa. Da na ji wannan sai na tuna kaina a kan keken ɗinki.

To ita ta faɗa wa duniya, ni ko gwaggona ban isa in faɗa wa ba. Shin wannan karin maganar da mai juna biyu take?

Ticha Asawase:
Wa alaikumus salam. Allah ya raba lafiya, ƙanwata. A wurina amsar tana cikin maganar kanta. An ce tuwo. Cikin da ake zuba wa tuwo tumbi ne, ba mahaifa ba. Bahaushe yana nufin mutum ya iya riƙe magana, kada duk abin da ya shiga kunnensa ya fito ta bakinsa. Yaron da ya ga abu a gidan maƙwabta ya zo yana zuba, shi ake yi wa ita. Ko matar da ƙawarta ta ba ta amana ta kai wa 'yan adashi. Ku lura, duk inda na taɓa jin an yi ta, sirrin WANI ake karewa. Tsoron da ke ranki naki ne, ba amanar kowa ba ce. Kalmar ciki ce ta yi harshen damo, Gwaggo ta kama wancan ta ɗora a kan wannan.

Hajiya Mai Koko, Alabar:
Ticha, ka yi karatu amma ba ka yi naƙuda ba. Gwaggonta ba ta yi kuskuren kalma ba, ta san abin da ta faɗa sarai. Mu haka aka yi mana. Ni na haifi 9, 7 na raye. A zamaninmu ko kalmar ciki ba a furta ta gaban manya, sai a ce ta yi nauyi, ko tana da juna biyu. Ɗan fari ko sunansa ba ka faɗa. Kuma ba banza aka yi haka ba. Na farko, baki. Ba kowa ke murna da ƙaruwarka ba. Na biyu, ciki ƙarami ba shi da tabbas, in kika shelanta shi ya zube, duk wanda kika gaya wa sai kin sake bi kin gaya masa, kowane ɗaya sabon miki ne. Na uku, tsoro in ana yawan ambatonsa girma yake yi. Gwaggonki so take ki dake, 'yata, ba ƙin ki take ba.

Ticha Asawase:
Hajiya, na karɓi gyara a kan niyyar Gwaggo. Amma dalilanku biyu na farko a kan ɓoye cikin ne ga mutanen waje. Wata bakwai kuwa ai ranar wanka ce, ba a ɓoye cibi. Kuma ba a kasuwar Kejetia ta tsaya ta faɗa ba, a ɗaki ta faɗa wa 'yar'uwar mahaifinta.

Ungozoma Sawaba:
Ku yi haƙuri in yi tsawo, don wannan karin maganar ni a wurin aiki nake gamuwa da ita, ba a littafi ba.

Mace za ta zo awo, ka tambaye ta, lafiya? Lafiya lau. Ka ɗora mata abin awon jini ka ga ya hau sama. Sai ka matsa sannan ta ce ai kwana huɗu ke nan kanta na sarawa, tana ganin dishi-dishi, zobenta ya ƙi fita, fuska ta kumbura. Me ya hana ki zuwa? Kada a ce na cika raki. Waɗannan alamun su ne ke gaba da jijjiga, ita kuwa jijjiga tana iya ɗauke uwa da ɗa a dare ɗaya. Haka zubar jini, haka fashewar faya kafin lokaci, haka raguwar motsin ɗa. Tun 2008 mai ciki a Ghana ke yin rajistar inshorar lafiya ta NHIS kyauta don awo da haihuwa, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa ganin ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin a sauka. Amma ko sau 20 mace ta zo, in an koya mata cewa faɗin ciwo rashin kunya ne, rabin aikin ya lalace, don akwai abin da na'ura ba ta gani sai mai jikin ta faɗa.

Saboda haka ni na raba biyu. Akwai sirri, akwai ciwo. Abin da ke tsakaninki da mijinki, da abin da kika gani a gidan surukai, wannan ciki ya riƙe. Ciwo kuwa, har da na zuciya, ba a ajiye shi, ruɓewa yake yi. Na ga masu jego da aka yi suna lafiya, aka ci aka sha aka watse, su kuma suka shiga wani irin ƙunci, ba ci ba barci, ba sa ko son ɗaukar jaririn, suna jin kunyar faɗa. Cuta ce sananniya, tana da magani.

'Yar Aboabo, shirun da kika ce yana yi, ki san yadda ya saba motsi. Ranar da kika ji ya ragu ba kamar kullum ba, kada ki jira ranar awo, kada ki jira gari ya waye, ki tafi a duba. Kuma ki gaya wa ungozomarki maganar ɓarin bara da rashin barcin nan.

Malam na Zango:
Allah ya saka wa Ungozoma. Ni abu biyu zan faɗa, kada a haɗa mini su.

Na ɗaya, wanda ya ce mace ta ambaci wahalar ciki rashin tawakkali ne, bai duba Alƙur'ani da kyau ba. A suratu Luƙman aya ta 14 Allah ya ce uwa ta ɗauki ɗanta rauni a kan rauni. A suratul Ahƙaf aya ta 15 ya ce da wahala ta ɗauke shi, da wahala ta haife shi. A suratu Maryam aya ta 23, da naƙuda ta kai Nana Maryam gindin dabino, cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan. Malamai sun ce har da tsoron abin da mutane za su faɗa a kanta. Kuma amsar da ta samu ba tsawa ba ce, cewa aka yi kada ki yi baƙin ciki, ga ruwa, ga dabino, ki ci ki sha. Wannan ita ce amsar mai ciki in ta ce tana tsoro.

Na biyu, ita mawaƙiyar. Ban saurara ba, ba kuma zan ce a saurara ba. An ce mini a bangon kundin tana zaune a karaga da jariri, ƙirjinta ɗaya a waje. Wannan ba namu ba ne. A nan karin maganar Gwaggo tana da wurin zama: kai kuka ga wanda zai share maka hawaye daban, baje kanka a kasuwa daban.

Ɗalibar Legon:
Malam, Allah ya ƙara sani. Gaskiya ne hoton haka yake, ni ma ba zan so ƙanwata ta yi irinsa ba. Sai dai don a san asalinsa, wani tsohon zane ta kwaikwaya na Jean Fouquet, mai zanen Faransa a ƙarni na 15, kuma ta ce tana so a daina ƙyamar jikin mai ciki da mai shayarwa. Can wurinsu mace na iya shan harara don ta ba ɗanta nono a bainar jama'a, mu kuwa a motar haya ta trotro ma ana shayarwa ba mai ɗaga ido. Ciwonsu ne take magani, ba namu ba.

Amma batun a yi waƙa da abin da ke cikin rai, wannan kam namu ne tun kaka da kakanni. Kakata in tana daka, duk abin da kishiya ta yi mata a turmi take faɗinsa, gida duk ana ji, ba mai cewa ta tona asiri. Waƙar niƙa, waƙar raino, kiɗan ƙwarya ranar suna, ina mata suke zuba abin da ba ya faɗuwa da baki? Kukan kurciya jawabi ne. Yanzu an kai niƙa inji, turmi ya yi shiru, an bar mana rabin al'adar, wato riƙewa, an yar da rabin da ake sauke nauyi. Waƙoƙin yabon uwa kuma sun cika gari, amma akasari 'ya'ya ne ke yi, daga waje suke kallo. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Baban 'Yan Biyu:
Ni direba ne, ban iya dogon bayani ba. Da matata ke da cikin tagwaye ban san tana kwana zaune tana kuka ba sai bayan shekara biyu, a bakin ƙanwarta na ji. Har yau abin na ci na. Gida ɗaya, gado ɗaya. Da ta faɗa da na rage tafiyar Tamale na dare. Maƙwabtanmu Asante in mace ta sauka cewa suke «wo tiri nkwa», ta sa fararen kaya kamar wadda ta dawo daga yaƙi. Mu ma ai barka da arziki muke cewa, kuma muna cewa mai ciki ƙafarta ɗaya a duniya ɗaya a lahira. To in mun san haka, don me za mu ce kada ta ji tsoro?

Hajiya Mai Koko, Alabar:
Ba wanda ya ce kada ta ji. Cewa aka yi ta riƙe.

Ɗalibar Legon:
Hajiya, ta riƙe har yaushe, kuma ta sauke a wurin wa?

'Yar Aboabo:
Na gode ƙwarai, kowa na karanta, Anti Ungozoma gobe in sha Allah zan je in faɗi duka. Abu ɗaya na manta. Waƙar ƙarshe a kundin sunanta Ya'aburnee, ƙanwata ta ce Larabcin mutanen Lebanon da Siriya ne, ma'anarsa kai za ka binne ni. Wai abin da mutum ke gaya wa wanda yake ƙauna ke nan, don ba zai iya zama bayansa ba. Ita ce ta fi sa ni kuka. Ban ma ga fuskar ɗan da ke cikina ba, amma addu'ata ke nan kullum.

Hajiya Mai Koko, Alabar:
Wannan ba sai an je Lebanon ba, 'yata. Uwata har ta rasu in ta shafa kanmu cewa take, Allah ya sa ku za ku rufe ni.

Na ce muku na haifi 9, 7 na raye. Cikin biyun da suka rasu, ɗaya kwanansa 5, ko suna ba a yi ba. Ina cikin wankan jego aka ɗauke shi, aka ce in yi haƙuri wani na tafe, na yi. Ban ƙara ambatonsa ba, ƙannensa ma ba su san da shi ba. Shekara 41 ke nan, kuma duk azumi in ya kai kwana goma sai na lissafa shekarunsa ina dama koko. Yau ne na fara rubuta shi, jikata ce ma ke danna mini wayar, ga ta nan ta tsaya tana kallona.

Ban janye maganata a kan baki da mutanen waje ba, kada ki sa hoton cikinki a Facebook. Amma tambayar ɗalibar nan ta tsaya mini. Gwaggonki ma ki bincika a hankali, na tabbata akwai wanda take lissafa wa shekaru. In kin fito daga awo gobe ki biyo ta Alabar, kowa ya san inda nake sa tukunya, ina tashi ƙarfe goma. Ki zo mu shiga ciki ki gaya mini tsoron naki tun daga farko.