Yaya ake rubuta sharhin fim mai dogon zango da katun idan sun fito a faifai?

Sabon Alƙalami ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na ɗan jima ina rubuta sharhi a kan finafinai masu dogon zango da finafinan katun waɗanda ake fitarwa a faifan DVD da Blu-ray, amma wani abu da ya faru kwanan nan ya sa na fara shakkar yadda nake yin aikin. Na yi rubutu a kan wani tsohon katun da aka haɗa zangonsa na farko a kwali ɗaya, na yaba labarin, na yaba muryoyin, na ce duk wanda ya so shi yana yaro ya nemi nasa. Bayan mako biyu sai wani mai karatu ya rubuto mini cikin ɓacin rai, ya ce ya saya ne saboda maganata, amma da ya kunna sai ya tarar an datse hoton sama da ƙasa, har akwai wuraren da saman kan jarumin ba ya fitowa a allo. Na koma na duba, na ga gaskiya ya faɗa, kuma ni ban lura ba ko kaɗan, domin labarin ne ya ɗauke mini hankali.

Tambayata ga waɗanda suka riga ni a wannan fage ita ce: sharhin abin da ya fito a faifai, na labarin ne ko na faifan kansa? Kuma idan zango ɗaya yana da kashi ashirin da shida, wajibi ne in kalle su duka kafin in ɗauki alƙalami, ko ya isa in kalli kaɗan daga farko da tsakiya da ƙarshe?

Dattijon Faifai ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mai karatun nan ya yi maka alheri, ko da maganarsa ta yi zafi. Wanda ya zo karanta sharhin faifai, galibi ya riga ya san labarin, ya kalle shi a talabijin shekaru da suka wuce, kuma abin da yake so ya ji daga gare ka shi ne ko wannan bugun ya kawo masa abin da ya sani ɗin a cike, ko an rage masa wani abu. Saboda haka ni a wurina sharhin faifai rabi na labari ne, rabi na amanar da kamfanin ya riƙe ko ya ci.

Abin da ya same ka yana da asali. Shirye-shiryen talabijin na da an yi su ne don tsohon allo, wanda faɗinsa huɗu ne tsayinsa uku, wato 4:3. Allon yanzu kuwa 16:9 ne. Idan kamfani ya so tsohon hoto ya cika sabon allo ba tare da baƙin fili a dama da hagu ba, dole ya yanke sama da ƙasa, kuma lissafi ya nuna kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin hoton ke tafiya. Haka kamfanin Funimation ya yi wa katun ɗin Japan mai suna Dragon Ball Z a bugun da ya fara fitarwa a 2007, masoya shirin kuma suka daɗe suna ƙorafi a kai. Ka kwatanta da shirin Amurka mai suna Star Trek: The Next Generation, wanda aka nuna daga 1987 zuwa 1994. Da aka tashi fitar da shi a Blu-ray tsakanin 2012 da 2014, sai aka koma kan asalin fim ɗin kyamara mai faɗin milimita 35 da aka ɗauki shirin da shi, aka sake haɗa kowane kashi daga tushe, aka kuma bar hoton a 4:3 yadda aka tsara shi tun farko. Mai sharhin da bai san bambancin waɗannan hanyoyi biyu ba, zai iya yaba wanda ya cika allo, ya kushe wanda ya bar baƙi a gefe, alhali na biyun ne ya yi adalci.

Abu na biyu ya fi shafar katun, kuma shi ne ya fi ba ni takaici. Tsohon katun da hannu aka zana shi a kan leda mai haske, aka ɗauki hotonsa da fim, shi ya sa idan ka kalle shi da kyau za ka ga wani ɗan yashi-yashi yana motsi a fuskar hoton. Wannan yashin ba datti ba ne, jikin fim ɗin ne. Wasu kamfanoni sukan sa kwamfuta ta goge shi don hoto ya yi sumul, ita kuwa kwamfuta ba ta iya rarrabe yashin fim da siririn layin da mai zane ya ja, sai ta haɗa duka ta share. Bugun Cinderella ta 1950 da aka yi a Blu-ray a 2012 ya sha suka a kan haka, domin an ga layukan da ke nuna lanƙwasar rigarta sun dushe a wasu wurare, sai a gyaran 2023 aka dawo da su. Yadda nake gwadawa shi ne in tsayar da hoto a inda fuska ta matso kusa, in tashi daga kujera in je gaban allo, in dubi gashin ido da gefen yatsu da ɗinkin tufafi. Idan na ga layin yana da kauri da siranta kamar na alƙalamin mutum, an bar aikin mai zane. Idan na ga fuska ta koma kamar an shafa mata man shafawa, layuka sun narke, to an yi ɓarna, kuma dole in faɗa.

Sannan ka ƙirga kashi nawa aka cusa a faifai ɗaya. DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, mai shimfiɗa biyu 8.5, Blu-ray kuwa 25 ko 50. Duk lokacin da aka matse sa'o'i da yawa a ƙaramin wuri, hoton ne ke biya. Ka nemi wurin da ake ruwan sama ko hayaƙi ko gudu a labarin, da kuma sararin sama lokacin faɗuwar rana. A nan ne za ka ga hoto yana farfashewa zuwa ƙananan murabba'ai, ko launin sama ya rabu hawa-hawa maimakon ya tafi a hankali daga ja zuwa shuɗi.

Uwar Biyu ta rubuta:

Malam Dattijo ya yi bayani mai amfani, kuma ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ya faɗa ba, sai dai ina jin tsoron kada ɗan'uwanmu ya fita daga wani rami ya faɗa wani. Na karanta sharhi da yawa da suka cika shafi da zancen layi da launi, na gama ban san ko shirin ya dace in kunna wa yara in shiga wani aiki ba. Kalmar katun tana yaudarar iyaye. Akwai katun da aka yi don 'yan shekara biyar, akwai wanda aka yi don manya zalla, mai zubar da jini da zantukan da ba za ka so yaro ya maimaita ba, kuma zanen da ke jikin kwali ba ya nuna bambancin. Mai sharhi ya faɗi wannan a fili, ya ambaci kashin da abin yake ciki, kada ya tsaya ga alamar shekaru da aka buga a baya, domin kowace ƙasa da ma'auninta.

A kan tambayarka ta biyu, Sabon Alƙalami, amsata ita ce ka kalle su duka. Fim mai dogon zango ba kamar buhun hatsi ba ne da za ka ɗebi tafi ɗaya ka san sauran. Akwai shirin da yake farawa da rauni sai a kashi na takwas ya miƙe, akwai kuma wanda yake farawa da ƙarfi ya gaji a tsakiya, a cika shi da kashin tuna baya wanda ba komai a cikinsa sai tsoffin hotuna da aka sake jerawa. Wanda ya kalli uku kawai ba zai san da wannan ba. Ban da haka, kallon duka ne zai nuna maka ko an jera kashi-kashin daidai. Shirin Amurka mai suna Firefly misali ne sananne: tashar Fox ta nuna shi a 2002 ba bisa tsarinsa ba, ta ajiye kashin buɗe labari sai a ƙarshe, ta kuma tsaya a kashi 11 cikin 14. Faifan da ya fito a 2003 ne ya kawo duka 14 a jeren da aka nufa. Ga shiri irin wannan, babban labarin da mai sharhi zai ba mutane shi ne cewa sai yanzu za a iya kallonsa yadda masu shi suka so.

Ka kuma kasa kunne ga waƙoƙi. Izinin da aka saya don sa waƙa a talabijin ba lallai ya haɗa da sayar da ita a faifai ba, shi ya sa wasu kamfanoni suke cire waƙar asali su sa wata mai araha ba tare da sun rubuta a kwali ba. Shirin Amurka mai suna The Wonder Years ya ƙare a 1993, amma bai samu fitowa a DVD ba sai 2014, kuma batun haƙƙin waƙoƙi ne ya riƙe shi. Wanda ya tuna wani wurin rabuwa da waƙar da ta sa shi hawaye, ya kunna faifai ya ji wani kiɗa dabam, yana da haƙƙin a gargaɗe shi tun kafin ya saya.

Abin da na fi dubawa da kaina shi ne fassarar da ke ƙasan allo. A katun ɗin Japan musamman, wani lokaci rubutun ba fassarar maganar Japananci ba ce, kwafin maganar da aka ɗora da wani harshe ne, wadda aka riga aka sauya don ta dace da motsin baki. Za ka gane haka idan ka kunna muryar asali ka ga rubutu ya fito alhali babu wanda ya yi magana, ko mutum ya yi doguwar magana rubutun ya kawo kalma biyu.

Mai Gyaran Allo ya rubuta:

Zan ƙara abu biyu a taƙaice. Na farko, ka rubuta lambar yankin faifan. An raba duniya yanki shida don DVD na kasuwa, Amurka da Kanada suna na 1, Turai da Japan suna na 2, mafi yawan Afirka da Indiya da Rasha suna na 5, Blu-ray kuma yana da A da B da C. Faifan da ya ƙi tashi a na'urar mai saye saboda yankinsu ya bambanta, kyan hotonsa bai amfane shi da komai ba. Haka nan bugun DVD na tsarin PAL, wato tsarin talabijin na Turai da yawancin Afirka, yakan gudanar da fim mai hoto 24 a daƙiƙa a kan 25, sai tsawonsa ya ragu da kusan kashi huɗu cikin ɗari, murya ta ɗan yi sama. Fim mai minti 100 zai koma 96, don haka kada ka ga ragin mintuna ka yi saurin cewa an yanke wani abu.

Na biyu, kafin ka hukunta faifai ka gyara talabijin ɗinka. Yawancin sababbin talabijin suna zuwa da wani tsari a kunne wanda yake ƙirƙiro hotuna a tsakani don motsi ya yi santsi. Katun na hannu kuwa sau da yawa zane 12 ne a daƙiƙa, kowane zane ana riƙe shi sau biyu, kuma da gangan mai zanen ya tsara motsin a haka. Idan wannan tsari yana kunne, za ka ga hannu yana rawa ko layi yana tsagewa, ka ɗora wa faifai laifin da na allonka ne. Ka kashe shi, sannan ka faɗa wa masu karatu girman allon da irin na'urar da ka yi kallo da su.

Sabon Alƙalami ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba talabijin ɗina, na tarar tsarin santsin nan a kunne yake tun ranar da na saye shi. Saura abu ɗaya, Malam Dattijo: idan ban taɓa ganin asalin shirin ba, kuma ba ni da tsohon kaset ko bugun farko da zan kwatanta, ta yaya zan san an datse ko an sauya wani abu?

Dattijon Faifai ya rubuta:

Shekarar da aka yi shirin ita ce mabuɗinka na farko. Idan an yi shi don talabijin kafin ƙarshen shekarun 1990 kuma ka ga ya cika faffaɗan allo ba tare da baƙi a gefe ba, ka tsaya ka bincika, domin ko dai an yanke shi, ko an ja shi ya yi faɗi, ko an buɗe gefen fim ɗin da ba a yi niyyar nunawa ba. Jan hoto yana da sauƙin ganewa, ka nemi wata ko agogon bango ko tayar mota, idan abin da ya kamata ya zama da'ira ya koma kamar ƙwai, an ja shi. Yanka kuwa yakan tona kansa a rubutun sunayen ma'aikata da ke farko da ƙarshe, inda layin sama ko na ƙasa yake manne da bakin allo, da kuma wuraren da mutum biyu suke tsaye, dogon cikinsu ya rasa rabin goshi.

Sannan ka shiga ƙarin abubuwan da aka saka a faifan, waɗanda mutane da yawa ba sa buɗewa. Sau da yawa tsohon tallan shirin ko hirar da aka yi da masu zane tana ɗauke da gutsattsarin hoton asali da ba a taɓa ba. Na taɓa tsayar da talla irin wannan a daidai wani hoto, na nemo hoton a cikin kashin da aka gyara, na ga a tallan akwai kyanwa kwance a ƙasan tebur, a kashin kuwa ƙafafun teburin ma ba su fito ba. Da wannan kaɗai na rubuta sakin layi guda, na ambaci kashin da mintin, don duk mai faifan ya je ya gani da idonsa. Idan kuma ka bincika ba ka samu abin kwatantawa ba, ka rubuta cewa wannan bugun kaɗai ka gani, ka bayyana abin da idonka ya nuna maka a cikinsa. Mai karatun da ya rubuto maka ma ka koma gare shi, tunda ya gane an datse hoton, da alama yana da tsohon bugun a hannunsa, kuma zai iya turo maka hoton wuri ɗaya ko biyu ka saka a gyaran da za ka yi wa sharhin.